Daga Dawanau zuwa Legas a gaban tirelar wake

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, wake yake lodawa zuwa Legas tun ina firamare, kuma shi a al'adarsa ba ya sa kowa rakiyar kaya, direba ya ɗauka ya kai a ƙirga a ba shi cikon kuɗinsa shikenan. To sai aka fara yi masa giɓi, mota ta tashi da kaya cif ta isa can a ce buhu kaza babu, direba ya rantse har da dafa Alƙur'ani ba shi ba ne, mai karɓar kaya a can shi ma ya rantse, Kawu ya rasa wanda zai kama. Shi ne da sanyin da ya wuce ya kira ni ya ce tunda karatu ya ƙare ba abin da nake yi sai danna waya, in shirya in bi mota in gano masa da idona ta inda buhu yake yin ƙafa. Ban yi musu ba, dama ina son ganin Legas kuma ga shi ba kuɗin mota zan biya ba.

Motar DAF ce, buhu 300 na wake aka zuba mata, manyan buhuna. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Oga yake ce masa, ni kuma tun ranar farko ya laƙaba min ɗan Alhaji bai sake kiran sunana ba. Sai yaron motarsa, wani siriri da bai fi shekara ashirin ba amma in ya kama igiya ya ja sai ka ji bodin mota na ƙara. Ni na ɗauka ɗaurin tamfol abu ne na minti goma, ashe aiki ne na wuni. Tamfol biyu suka shimfiɗa, tsoho a ciki sabo a waje, sannan aka bi da igiya ana saƙa ta gicciye kamar raga ta yadda ko ka yanka tamfol ɗin buhu ba zai fito ta ramin ba sai ka yanke igiya uku ko huɗu, ƙullin kuma duk ta ƙasan bodi ake yin sa inda hannun wanda ke sama ba zai kai ba. Oga da kansa ya tsaya yana ƙirga buhu da 'yan dako, aka rubuta a webil, wato takardar shaidar kaya, ya ɗauki hoton takardar da na motar ta kowane gefe ya tura wa Kawu a WhatsApp. Ni ma na ɗaga wayata zan ɗauki hoto in ɗora a Facebook in rubuta sai Legas, sai kawai na ji an riƙe min hannu.

"Ɗan Alhaji, ajiye wannan abin. Ɓarawon hanya ba duba yake yi ba, daga tasha ake buga masa waya a ce mota kaza mai lamba kaza ta taso da kaya kaza. Kai kuma za ka sauƙaƙa masa aiki har da hoto."

Ko 'yan kamasho da suka haɗa shi da lodin bai gaya musu yaushe za mu tashi ba, ya ce musu sai gobe da hantsi, muna idar da asuba muka ɗaga.

Ba mu kaɗai muka tashi ba, motoci huɗu ne, biyu wake, ɗaya masara, ɗaya kuma busasshen barkono, duk direbobin sun san juna shekara da shekaru. Abin ya tuna min da labarin fatake da kakanmu yake ba mu, masu zuwa Gwanja sayo goro, ayari guda da madugu a gaba, ba a kwana sai a zango, wanda jakinsa ya gaza a tsaya masa. To haka ɗin ne sak, Oga ne madugun, shi yake cewa a tashi shi yake cewa a tsaya, kuma sharaɗin shi ne motar da ta lalace ba a barin ta ita kaɗai a daji ko da kuwa mai kayan wani yana ta kira yana zagi.

Kano zuwa Zariya titi sumul, ba abin faɗa. Sai da muka zo Dogarawa yaron mota ya nuna min wani wuri ya ce nan ne aka wawashe motar taliya a farkon 2024 lokacin da tsadar abinci ta kai wa mutane iya wuya, direba ya faka kawai mutane suka yi mata caa da rana tsaka, katan-katan suka watse cikin gari. Oga ya ce tun daga lokacin ya daina tsayawa salla ko cin abinci a inda babu wasu manyan motoci, domin wannan ba fashi ba ne da za ka ce an shirya, mutum ɗaya ne zai fara jan kwali sauran su biyo, kuma kai direba ba ka da bakin hana mutum ɗari.

A Marabar Jos muka yada zango na farko, mai masara yana da gyaran birki. Wanda bai taɓa kwana a Marabar Jos ba bai san yawan tirelolin ƙasar nan ba wallahi, tankoki da tireloli hagu da dama har sun cinye rabin titi, ga masu shayi ga masu tuwo ga bakanike ga masu faci ga waɗanda ba sai na faɗa ba. A nan na fara ganin yadda ake kwana da kaya. Motocin an jera su ne gindi da gindi yadda ba mai iya buɗe bayan wata, akwai mai gadi da ake ba wa ɗan wani abu kowace mota, amma duk da haka yaron mota a ƙarƙashin mota ya shimfiɗa tabarmarsa daidai tankin dizal. Na ce masa me ya sa ba zai shigo ciki ba ga sanyi, ya ce "Yaya, batir biyu da dizal ɗin nan sun fi albashina na shekara, in aka zuƙe ni za a fara tuhuma." Tankin da kwaɗo, akwatin batir an yi masa walda da ƙarfe shi ma da kwaɗo, hatta safaya taya da sarƙa aka ɗaure ta.

Wajen mai shayi kuwa nan ne ofishin labarai. Duk direban da ya fito daga kudu sai an tare shi, ya hanya, ina aka tare jiya, ina mota ta faɗi, wace gada ce ta cushe. Ni dai a tafiyar nan ban ga abin da ya kai wannan hirar amfani ba, ita da wayar da Oga yake ta amsawa, kowane rabin awa wani zai kira daga gaba ya ce ku taho ko ku dakata.

A nan aka yi gardamar hanya. Hanyar asali ta zuwa Legas daga Kaduna ita ce ta Buruku zuwa Birnin Gwari, Tegina, ka faɗa Mokwa, ta fi kusa nesa ba kusa ba. Amma shekarun da 'yan bindiga suka kama dajin Kamuku da kewaye sun sa direbobi da yawa sun haƙura da ita, an ƙona motoci an kwashi mutane an shiga daji da su. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, kuma mai barkono ya dage cewa yanzu ana bi lafiya, ga dizal da za a rage. Oga ya saurare shi har ya gama sannan ya ce shi akwai abokinsa da aka ɗauka a hanyar, sai da iyalinsa suka sayar da gona, mai motar kuwa ko sisi bai bayar ba, motarsa kawai ya aiko aka ja. Ba wanda ya ƙara magana, ta Bida muka bi.

Kaduna zuwa Tafa da rana tsaka muka yi ta, da gangan, saboda Rijana da Katari sunaye ne da kowa ya sani tun lokacin da satar mutane ta yi ƙamari a hanyar Abuja. Yanzu akwai jami'an tsaro jefi-jefi, amma na lura Oga ya daina hira ya tofar da goron bakinsa, idonsa na kan motocin da ke tahowa ta ɗaya hannun. Daga baya ya ce min in ka yi minti biyar a babbar hanya ba ka ga mota ta taho daga gaba ba to ka nemi wuri ka tsaya, wani abu ya tare su.

A mahaɗar Dikko muka karya dama. Nan ne tankar mai ta faɗi a watan Janairun 2025, mutane suka zo kwasar fetur da bokiti da jarka wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka mutu, watanni kaɗan bayan irin haka ta faru a Majiya ta Jigawa. Yaron mota ya ce direban tanka in motarsa ta faɗi gudu yake yi, ba don tsoron wuta kaɗai ba, don ya san ba mai jin maganarsa in ya ce a matsa.

To daga Lambata zuwa Lapai zuwa Agaie zuwa Bida, a nan na samo wa Kawu amsar tambayarsa. Hanyar nan ba ramuka ne a titi ba, titi ne jefi-jefi a cikin ramuka, tirela mai tan 30 tana tafiya a giya ta ɗaya tana rangaji, mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta yana cin gyaɗa. Niyyarmu mu kai Bida kafin magariba, sai wata tanka ta kafe a wani kwari ta tare hanya, layi ya yi tsawon da ba ka ganin ƙarshensa, ba a samu an ja ta ba sai bayan isha, ga shi wurin ba gari ba ne balle a kwana. Dole aka ci gaba cikin dare. Kafin mu motsa Oga ya ce wa yaronsa hau, yaron ya ɗauki tocila da gora ya ɗare saman kaya ya zauna a can baya yana fuskantar inda muka fito, haka sauran yaran motocin suka yi, kuma aka matse tazara yadda fitilar kowace mota tana haska bayan ta gabanta. Mu ne na biyu, a gabanmu kuma akwai wata baƙuwar tirela da ba ayarinmu ba ta kutso tsakani, shinkafa ce a ciki, direban shi kaɗai da yaronsa duk suna gaba.

Muna hawa wani tudu a hankali sai na ga abu ya fito daga ciyawa, mutum biyu, ɗaya ya kama ƙarfen baya ya haye kamar ba komai, ban ma ga wuƙar ba sai dai na ga tamfol ya buɗe baki, buhu ya faɗo tim a gefen hanya, na biyu ya biyo. Oga ya danne hon bai ɗaga ba, ya kunna duk fitilun da motar take da su, na bayanmu suka ɗauka, yaran sama suna ihu ɓarawo ɓarawo suna haska tocila. Na saman ya diro, suka ja buhu ɗaya suka bar ɗaya, can cikin duhu muka ji babur ya tashi. Duka abin bai kai minti biyu ba. Ni jikina rawa yake yi na ce Oga mu tsaya mana mu ɗaukar masa buhun, ya ce "A nan? Ɗan Alhaji ba a tsayawa a inda ɓarawo ya zaɓa, ka san su nawa ne a cikin ciyawar?" Sai da muka kai wani ƙauye mai haske aka tsaya, direban shinkafar ya sauko yana ta salati, wai shi hon ɗin da yake ji ya ɗauka muna masa masifa ne ya ba mu hanya. Da ba kowa a bayansa haka za su yi ta sauke masa kaya har saman tudun bai sani ba, sai ya isa Legas a ce buhu goma babu a cire a kuɗinsa.

Don haka tsarin yake, rabin kuɗin mota ake bayarwa wajen lodi, ciko sai an sauke an ƙirga, abin da ya ɓace a wuyan direba yake. Inshorar kaya kuwa yawancin 'yan kasuwarmu ba sa yi, wasu na ganin asarar kuɗi ce wasu na ƙyamarta ta fuskar addini duk da yanzu akwai takaful, wato inshora irin ta Musulunci, to in asara ta zo sai a nemi wanda ya fi rauni a ɗora masa. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne, mutumin da bai gyara titi ba bai kuma ajiye ɓarawo a daji ba shi ne zai biya.

Akwai tiraka a motar, na'urar nan da ke nuna inda mota take, mai motar ne ya sa, kuma tana aiki don duk tsayawar da muka yi ta fi rabin awa sai ya kira, me ya sa mota ta tsaya. A daren nan ma ya kira, Oga ya ba shi labari, tambayarsa ta farko ita ce an fasa gilashi? Kawu ma da na kira shi da safe abin da ya fara cewa shi ne kayana fa, sai daga baya ya ce ku dai kuna lafiya ko. Ban ji haushinsa ba sosai, dukiyarsa ce, amma Oga dariya ya yi ya ce ai tiraka mota take nemowa, akwai masu fashin da ba buhu suke so ba motar gaba ɗaya suke ɗauka, su sa kaki su kafa shingen ƙarya ko su watsa ƙusoshi a titi, su ɗaure direba da yaronsa a daji su tafi su juye kayan a wani sito, mai mota ya kashe injin daga wayarsa ya je ya ɗauko abarsa, direba kuwa sai in Allah ya kawo mafarauci ko mai itace.

Maganar shinge kuma, daga Kano zuwa Legas ban iya ƙirga su ba. Akwai na masu kaki, akwai na masu sanda da ƙusa a jikin katako da rasit ɗin da ba ka san wace hukuma ce ta buga shi ba, kowa da abin da yake karɓa. Oga yana da wata leda cike da canji a gefen giya don wannan kawai, manyan kuɗi kuwa ba ya yawo da su, dizal ma tiransifa yake yi ko POS. Abin da ya fi damunsa ba kuɗin ba ne, cewa ya yi yawan shingen ya sa da daddare ba ka iya bambance na gaske da na ɓarayi, kowa tocila ce a hannunsa.

Mun huta a Bida, muka wuce Kutigi muka shiga Mokwa, garin da ambaliya ta yi wa mummunar ɓarna a ƙarshen watan Mayun 2025, Unguwar Hausawa na cikin inda abin ya fi shafa, direbobinmu duk suna da wanda suka sani a ciki don Mokwa zangonsu ce tun fil azal, sai da muka tsaya suka yi wa wani mai abinci gaisuwa. Daga nan sai gadar Jebba a kan kogin Kwara, ruwa iya ganinka, yaron mota ya ce min Yaya daga nan ka bar gida. A nan Oga ya ba ni labarin yajin aikin 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kai kaya kudu na wasu kwanaki, tumatir ya yi tsada a Legas yana ruɓewa a arewa. Cikin kokensu har da kashe musu mutane da karɓe-karɓen kan hanya. Ya ce an zauna an yi alkawura an janye, shingen kuwa ga su nan ka gani da idonka.

Bode Sa'adu, Ilori, Ogbomosho, duk lafiya. Tsakanin Ogbomosho da Oyo, tsohuwar hanyar nan siririya mai kwana-kwana da aka yi shekaru ana cewa za a gama sabuwarta, mai masara ya fasa taya biyu lokaci guda. Duk muka faka, aka sa ganye da alama a titi, yara huɗu suka taru a kan jak, direbobi suka tsaya a tsaye kowa na kallon wani gefe, ba wanda ya zauna. Wasu samari a kan babur suka zo suka wuce suka dawo suka sake wucewa suna leƙe, da suka ga mun kusa mutum goma ba su ƙara dawowa ba. Mai barkono wayarsa sai ƙara take mai kaya na cewa kasuwa za ta faɗi, ya kashe ta ya jefa aljihu.

Zangon ƙarshe Ogere ne a kan babbar hanyar Ibadan zuwa Legas, wurin sai ka rantse wata unguwa ce a Kano, Hausa ko'ina, har fura na sha. Oga ya ƙi shiga Legas da dare saboda doguwar gadar nan ta kafin Berger, mashigar Legas, ya ce in mota ta mutu maka a kanta cikin dare sai dai addu'a. Da sassafe muka shiga, kuma tun kafin kasuwa 'yan agbero suka fara ɗafe ƙofa suna bubbuga bodi suna faɗin kuɗin da za a ba su, Oga yana mayar musu da Yarabanci tas, ni ban ma san ya iya ba.

Wajen sauke kaya na tsaya da biro da takarda ina ja wa kowane buhu layi, mai karɓa ma da nasa yaron yana yi. Buhu 300 suka fito cif, sai ɗaya da igiya ta ci gefensa wake ya ɗan zube a bodi, bai fi kwano biyu ba, yaron mota ya share ya tara a leda ya miƙa. Duk da haka mai karɓa ya ce sai an rage wani abu a cikon, aka yi ta ja-in-ja har sai da na kira Kawu na sa shi a sifika na ce masa Kawu mutumin nan kwana ya yi ba barci a kan kayanka, a ba shi kuɗinsa cif. Ya yi shiru sannan ya ce a ba shi, ya kuma ce in tambayi Oga ko zai dawo ya ɗauki lodin sati mai zuwa. Oga ya ce sai ya ga abin da ya samu na lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa tukuna, don ba zai koma Kano da mota wayam ba, kuma sai sauran ukun sun sauke nasu.